Masters ko The Open: wacce ya kamata sabon shiga ya fara bi?

Manyan gasannin golf na maza huɗu ne a shekara, Masters a watan Afrilu, PGA Championship a Mayu, US Open a Yuni, sai The Open a Yuli wadda Amurkawa ke ce wa British Open. Kowacce kwana huɗu take ci daga Alhamis zuwa Lahadi, kuma ba harkar minti 90 ba ce irin ta ƙwallon ƙafa, wuni ake yi ana abu ɗaya, to mutumin da ke da aiki da iyali ga kuɗin data ga na man janareta ai ba zai ce zai bi duka huɗun ba tun farko. Dole a zaɓa. Biyun tsakiyar nan na ajiye su gefe, ba don ba su da daraja ba, sai don gardamar da aka fi yi tsakanin ta farko ce da ta ƙarshe. Ni dai ba zan ɓoye ba The Open nake baya, amma akwai mutumin da zan ce wa a'a malam kai fara da Masters, kuma zan faɗi waye shi in mun je wurin.

Ga wanda bai san komai ba a ƙwallon lambun nan, lissafin ba wuya. Rami 18 ake bugawa kullum, kwana huɗu ya kama rami 72, wanda ya fi kowa ƙarancin bugu shi ya ci. Kowane rami da adadin bugun da aka ƙayyade masa, uku ko huɗu ko biyar, shi ya sa za ka ji an ce wane yana bugu 10 ƙasa da ƙa'ida. Bayan kwana biyu sai a sallami na baya su kama gabansu. Shi ke nan.

The Open ita ce babbar yaya, kuma ba da tazara kaɗan ba. Ranar 17 ga Oktoba 1860 aka fara ta a Prestwick da ke gaɓar yammacin Sikotland, mutum 8 kacal suka buga, filin ma rami 12 ne sai suka zagaya shi sau uku a rana ɗaya. Willie Park ya ci da bugu 174, ya ba Old Tom Morris tazarar biyu. Ko sisi ba a ba shi ba, abun da aka ba shi ɗamara ce ta jar fata mai adon azurfa, irin fatar nan da Turawa ke kira ta Maroko, wadda tun can da yawanta daga akuyoyin Sakkwato da majeman Kano take fitowa fatake su haura Sahara da ita. Kuɗi sai a 1863 aka fara sakawa, fam 10 ne gaba ɗaya. Waɗanda suke bugawa a lokacin fa ba manya ba ne, masu ɗaukar wa attajirai jakar sanduna ne da masu sassaƙa sandunan da masu gyaran ciyawa, wato 'yan ƙwadago.

Labarin gidan Morris kaɗai ya isa ya sa mutum ya so gasar nan. Uban, Old Tom, ya ci sau huɗu, na ƙarshe a 1867 yana da shekara 46, har yau ba a samu wanda ya ci ta a shekarun da suka wuce haka ba. Shekarar da ta biyo baya sai ɗansa Young Tom ya karɓa yana ɗan 17, shi ma har gobe ba a samu yaron da ya kai shi ƙanƙanta ba. Ka ga uba da ɗa sun riƙe bakin zaren ta kowane ɓangare sama da shekara 150. Yaron ya ci 1868 da 1869 da 1870 a jere, doka kuma ta ce wanda ya ci sau uku a jere ɗamara ta zama tasa, ya naɗe abarsa ya tafi gida. Sai aka wayi gari babu abun da za a ba wanda ya ci, aka yi ta ja-in-ja a kan wa zai biya kuɗin sabon kambu har 1871 ta wuce ba a yi gasar ba sam. Da aka dawo a 1872 shi ɗin dai ya sake cinyewa. Butar azurfar nan da ake kira Claret Jug a 1873 aka fara miƙa ta, Tom Kidd ne ya karɓa a St Andrews. Shi kuwa Young Tom bai yi tsawon rai ba, matarsa ta rasu wajen haihuwa tare da jaririn, bayan 'yan watanni shi ma ya bi su ranar Kirsimeti ta 1875 yana da shekara 24.

Daga nan abu ya yi ta girma, aka koma rami 72 a 1892, aka fara kai ta Ingila a 1894, Harry Vardon ya ci sau shida tsakanin 1896 da 1914 wanda har yau shi ke riƙe da wannan tarihin, Bafaranshe Arnaud Massy ya zama baƙo na farko da ya ɗauke ta a 1907. Ƙungiyar R&A ta St Andrews ta karɓi ragamar shirya ta a 1920. Akwai lokacin da ta yi sanyi fa, bayan yaƙin duniya na biyu Amurkawa suka rage zuwa saboda kuɗin jirgi da masauki ya fi ladan da za a samu, Ben Hogan sau ɗaya tak ya taka ƙafarsa a 1953 a Carnoustie, ya ci, bai ƙara komawa ba. Sai da Arnold Palmer ya zo a 1960 ya yi na biyu, ya dawo ya ci 1961 da 1962, sannan sauran suka biyo sahunsa.

To ina Masters ta fito? Daga hannun wani wanda The Open ɗin ta rena. Bobby Jones lauya ne ɗan Atlanta, bai taɓa mai da golf sana'a ba a lokacin da yake tashe, amma ya ci The Open sau uku, 1926 da 1927 da 1930. Zuwansa na farko St Andrews a 1921 abun bai yi kyau ba, filin ya ba shi haushi har ya bar wasan a tsakiya ya fice, daga baya kuma ya zo ya kamu da son wurin har mutanen garin suka ba shi takardar zama ɗan gari a 1958. A 1930 ya lashe manyan gasanni huɗu na zamaninsa a shekara ɗaya, ya ce ya gama yana da shekara 28. Sai shi da wani ɗan harkar kuɗi na New York, Clifford Roberts, suka sayi wata tsohuwar gonar renon itatuwa da furanni a garin Augusta na jihar Jojiya, suka ɗauko Alister MacKenzie, likitan da ya koma zanen filayen golf kuma masoyin St Andrews na gaske, ya zana musu fili. A watan Maris 1934 aka yi gasar farko, Horton Smith ya ci ya tafi da dala 1,500. MacKenzie bai ma gani ba, ya rasu a Janairun shekarar. Sunan Masters sai a 1939 ya zauna a hukumance, da farko gasar gayyata kawai ake ce mata.

Abun da ya fitar da ita duniya bugu ɗaya ne. A 1935 Gene Sarazen ya jefa ƙwallo a rami na 15 da bugu biyu, ramin da ƙa'idarsa biyar ce, ya cike giɓin bugu uku a take, washegari ya ci wasan raba gardama. Jaridu suka ɗauka. Sauran al'adun duk daga baya aka yi ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya: koriyar kwat ga zakara daga 1949, Sam Snead ne na farko, liyafar tsofaffin zakaru ta daren Talata wadda Hogan ya kawo a 1952, wanda ya ci bara shi ke zaɓar abinci kuma shi ke biya. A shekarun yaƙi 1943 zuwa 1945 ba a yi ba, shanu da talo-talo aka yi kiwo a filin. Wato al'adun da za ka gani a talabijin ka ɗauka sun shekara ɗari biyu, da yawansu kakanka ya girme su, kawai dai mutanen Augusta sun iya tallata kayansu ne ba kaɗan ba.

Yanzu ga bambancin da ya fi komai shafar mai kallo. Masters wuri ɗaya ake yin ta kullum, Augusta National, ita kaɗai ce haka a cikin huɗun. The Open kuwa yawo take yi tsakanin filayen bakin teku wajen guda tara zuwa goma, St Andrews da Carnoustie da Troon da Muirfield a Sikotland, Birkdale da Hoylake da Lytham da Royal St George's a Ingila, sai Portrush a Ireland ta Arewa wadda ta karɓa a 1951 da 2019 da 2025.

Wannan zama wuri ɗayan shi ne babban makamin Masters, kuma ba zan rage mata ba. In ka kalle ta shekara biyu ka haddace ramukan ƙarshe, ka san 11 da 12 da 13 su ne lungun da ake ce wa Amen Corner, ka san rami na 12 ɗan gajere ne yadi 155 amma rafin da ke gabansa ya cinye mutane ba adadi. A nan Jordan Spieth ya jefa ƙwallo biyu a ruwa a 2016 yana kan gaba, ya yi bugu bakwai a ramin bugu uku, Danny Willett ya tsinci dami a kala. Kuma saboda wuri ɗaya ne kana iya gwada na yau da na jiya kai tsaye, inda Jack Nicklaus ya tsaya a 1986 ya ci ta shida yana da shekara 46 nan ne dai Tiger Woods ya tsaya a 1997 yana ɗan 21 ya ba kowa tazarar bugu 12, nan ne ya sake tsayawa a 2019 ya ci ta biyar bayan tiyatar baya da duk abubuwan da suka same shi mutane sun gama yanke masa ƙauna. Nan Greg Norman ya shiga ranar ƙarshe da tazarar shida a 1996 ya narke Nick Faldo ya wuce shi. Nan Rory McIlroy ya zubar da tazarar huɗu a 2011 ya buga 80, ya yi ta dawowa shekara da shekaru, sai a 2025 ya ci da ƙyar da jiɓin goshi a raba gardama da Justin Rose, ya zama mutum na shida da ya haɗa duka huɗun. Idan labari mai ci gaba kake so, wanda za ka dawo baɗi ka ɗora daga inda aka tsaya, gaskiya babu kamar Masters.

Sai dai fa filin nan komai nasa a tsare yake har ya yi yawa. Ciyawa shar kamar an shafa fenti, farin yashi tas, furanni a ko'ina, kowane rami da sunan wani tsiro, har injuna ne a ƙarƙashin ƙasa masu zuƙe danshi in an yi ruwa. Wasan da yake buƙata kusan iri ɗaya ne kullum, ka buga da nisa, ka ɗaga ƙwallo sama ta sauko ta tsaya cak, sannan ka iya lallaɓa ta a kan girin, wato ɗan filin lallausar ciyawa da ke kewaye da rami, mai santsi da gangara. Shi ya sa sunaye ɗaya suke yawan maimaituwa.

The Open ba ruwanta da wannan kwalliyar. Filayen tudun yashi ne na bakin teku, kusan babu bishiya, ƙasa ta yi tauri, in rani ya yi zafi ciyawar ta koma ruwan ƙasa ƙwallo ta yi ta gudu ba birki, ramukan yashin kuma ƙanana ne masu zurfi da bango a tsaye, wani in ka faɗa sai dai ka bugo ta baya ko gefe ka haƙura. St Andrews kaɗai tana da irinsu 112, abun da ya sa har yau ake maganar yadda Tiger ya yi kwana huɗu a 2000 bai faɗa ko ɗaya ba, ya ci da tazarar takwas. Ga iska. Iskar nan ita ce alƙaliyar gasar, tana iya kwanciya da safe ta tashi da rana, wanda ya fita ƙarfe bakwai ya sha daɗi wanda ya fita ƙarfe biyu ya sha wuya a fili ɗaya rana ɗaya. McIlroy ya buga 63 ranar farko a St Andrews a 2010, washegari iska ta taso ya buga 80. Tiger ya je Muirfield a 2002 ya riga ya ci manyan gasanni biyu na farkon shekarar, ruwa da iskar ranar Asabar suka sa shi buga 81. Masu sukar The Open a nan suke kama ta, su ce akwai sa'a a ciki da yawa, kuma ba ƙarya suka yi ba, akwai. Ni kuma abun da ya sa nake son ta ke nan, saboda nan ne za ka ga gwani ya rasa yadda zai yi sai ya ƙirƙiro dabara, ya mirgina ƙwallo a ƙasa daga nesa, ya buga ta ƙasa-ƙasa ta ratsa iska, ya nufi hagu don ta faɗi dama. Ƙarfi kaɗai ba ya ci, shi ya sa dattijo ma yana da rabo. Tom Watson da ya ci ta sau biyar, ciki har da karon 1977 a Turnberry da suka yi kare jini biri jini da Nicklaus, ya dawo wannan filin dai a 2009 yana da shekara 59, saura rami ɗaya ya ci, ƙwallonsa ta wuce girin kaɗan, ta leƙo ta koma, Stewart Cink ya doke shi a raba gardama. Da wuya ka ga irin wannan a Augusta ta yanzu da aka yi ta ƙara wa tsawo.

Kuma in maganar faɗuwar gaba ce ita ma tana da nata. Jean van de Velde ya zo ramin ƙarshe a Carnoustie a 1999 da tazarar uku, ko bugu shida ya yi ya ci, sai ga shi ya cire takalmi ya naɗe wando ya shiga rafi yana tunanin bugo ƙwallo daga cikin ruwa, ya ƙare da bakwai, Paul Lawrie da ya fara ranar yana baya da bugu 10 ya ɗauke butar.

Sai maganar wa ke shiga, wadda a wurina ita ce zuciyar zancen. Masters walimar gidan attajiri ce, sai da kati, The Open kuwa filin dambe ne, in kana ji da kanka ka ɗaure hannu ka shigo. A Augusta gayyata ce, yawanci mutanen ba sa kai 100, cikinsu har da tsofaffin zakaru da ke da gurbi na dindindin ko da ƙarfinsu ya ƙare, da 'yan sha'awa kaɗan, wato waɗanda golf ba sana'arsu ba ce. The Open mutum 156 take ɗauka, kuma bayan manyan da ke shiga kai tsaye akwai wasannin share fage da ƙwararre ko ɗan sha'awar da ya kai matakin da ake so zai biya kuɗi ya shiga, akwai kuma gurabun da ake rabawa ta wasu gasanni a nahiyoyi daban-daban har da Afirka ta Kudu. Buɗe ƙofar nan har abun dariya ta taɓa jawowa, a 1976 wani direban kiren a wurin ƙera jiragen ruwa mai suna Maurice Flitcroft, wanda bai taɓa buga cikakken rami 18 ba, ya cike fom ya ce shi ƙwararre ne, ya shiga share fage ya buga 121, hukuma ta kore shi, shi kuma ya yi ta dawowa da sunayen ƙarya. Amma ta wannan faɗin ƙofar ne Ben Curtis, na 396 a duniya, ya zo babbar gasarsa ta farko a 2003 ya cinye.

Akwai ɓangaren tarihin da ba daɗin ji, kuma baƙin mutum ya kamata ya sani kafin ya sayi hula mai tambarin wani. Augusta a kudancin Amurka take, kuma ta yi zamaninta da wariya sosai. Shekara da shekaru babu baƙar fata ko ɗaya a cikin 'yan wasa, masu ɗaukar jaka kuma baƙaƙe zalla cikin fararen kayan aiki, sai a 1983 aka bar kowa ya zo da nasa. Charlie Sifford ya ci gasanni a Amurka amma ba a taɓa gayyatarsa ba. Baƙin mutum na farko da ya buga shi ne Lee Elder a 1975, kulob ɗin bai karɓi baƙin mamba ba sai 1990, mata kuwa sai 2012 da aka shigar da Condoleezza Rice da Darla Moore. Shi ya sa nasarar Tiger ta 1997 ta wuce maganar wasa. Kar kuma a ɗauka Turawan Birtaniya waliyyai ne, su tasu wariyar ta aji ce, a 1920 Walter Hagen bai samu shiga ginin kulob ba don ana ganin masu sana'ar golf barori ne, sai a cikin motar haya ta alfarma ya dinga sauya kaya a bakin ƙofa don ya ba su haushi. R&A ba ta karɓi mata ba sai 2014, Muirfield ma sai da aka cire ta daga jerin masu karɓar gasar a 2016 sannan ta sauya ra'ayi a 2017. Amma dai a filin wasa ƙofar The Open ta riga buɗuwa, Papwa Sewgolum ɗan Afirka ta Kudu mai asalin Indiya, wanda wariyar ƙasarsa ta hana shi sakat, ya yi na 13 a 1963, shekara 12 kafin Elder ya taka Augusta.

In kuma kana neman inda nahiyarmu ta taɓa, duka biyun akwai amma The Open ta fi. Bobby Locke ya ci ta sau huɗu, Gary Player uku, Ernie Els biyu, Nick Price na Zimbabuwe a 1994, Louis Oosthuizen a 2010, kuma Branden Grace ne ya fara buga 62 a tarihin manyan gasannin maza, a Birkdale a 2017. A Masters Player ne baƙo na farko da ya ci a 1961, ya ƙara biyu, sai Trevor Immelman a 2008 da Charl Schwartzel a 2011. Wani abun da matasa ba su sani ba, gasar Nigerian Open ta taɓa zama matattarar ƙwararrun Turai a lokacin sanyinsu. Sandy Lyle a Legas ya ci gasarsa ta farko a matsayin ƙwararre a 1978, daga baya ya ɗauki The Open a 1985 da Masters a 1988. Vijay Singh ma ya ci Nigerian Open ɗin a 1988 kafin ya saka koriyar kwat a 2000.

Maganar kuɗin lada ba ta shafi aljihunka ba amma ga ta: a 2025 Masters ta raba dala miliyan 21, zakara ya samu 4.2, The Open miliyan 17, Scottie Scheffler ya samu 3.1.

Abun da ya shafe ka shi ne agogo. A watan Yuli lokacin Birtaniya daidai yake da na Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ba ƙari ba ragi, 'yan Gana ne kawai za su cire awa ɗaya. Ranar Alhamis tun wajen shida da rabi na safe an fara, ranar Lahadi kuwa na gaba-gaba suna fita bayan azahar a gama kusan magariba, ka kalli abunka ido biyu ka kwanta da wuri. Augusta a Afrilu muna gabanta da awa biyar, na gaba suna fita wajen bakwai da rabi na dare a agogonmu, ramukan da ake jira ɗin nan na Amen Corner sai wajen goma, a gama kusan sha biyu, in an je raba gardama ya wuce haka, ga Litinin tana jiranka da safe, ga zafin Afrilu in an ɗauke wuta batirin sola ya yi ƙasa. Amma wani wannan ne ma ya fi masa, ɗan kasuwar da ba ya barin shago sai bayan isha'i ba zai ga komai a The Open ba sai taƙaitawa, Masters kuwa tana jiransa a gida. Kuma a yaba musu, tallan da suke bari a saka a lokacin wasa kaɗan ne ƙwarai, sannan sun zuba cikakkun bidiyon ranakun ƙarshe na shekaru masu yawa a YouTube kyauta, kana iya zama ka kalli ta 1986 ko ta 1997 daga farko har ƙarshe.

To ga wanda na ce zan faɗa. In ba ka taɓa kallon golf ba ko sau ɗaya, ba ka san me ake nufi da girin ba, kana son ka gwada ka ga ko za ta shige ka, fara da Masters, ranar Lahadi kawai, ramuka tara na ƙarshe. Mutanen kaɗan ne ba za ka ruɗe ba, hoton yana da kyau, ruwan da ke gaban ramuka yana sa ko wanda bai san wasan ba ya gane an shiga uku. The Open tana iya gundurar sabon ido, fili ruwan ƙasa, sama ta yi duhu, mutane cikin rigunan ruwa, ka kasa gane ina ma aka nufa. Amma in ka riga ka ɗan san wasan, ko kana ɗan taɓawa a fili irin na Kano ko Kaduna ko Rayfield ta Jos inda ƙasa ke tauri da rani ƙwallo ta yi ta gudu, The Open ce za ta koya maka abun da za ka iya amfani da shi, don wasan ƙasa suke yi irin wanda filinka ke buƙata, na Augusta kuwa sai dai ka kalla ka yi sha'awa.

In kuwa maganar tafiya ce, Allah ya hore maka kana son ka je ka gani da idonka, a nan ba ma gardama. Tikitin Masters na cikin mafi wuyar samu a duniyar wasanni, bajon kwana huɗun yana hannun waɗanda suka daɗe a jerin kuma an rufe jerin tuntuni, saura sai ƙuri'ar intanet ta tikitin rana ɗaya wadda mutane ke shekaru suna cikewa ba su dace ba, na bayan fage kuma dubban daloli ne kuma in aka gane sayen hannu ka yi ana iya mai da kai daga bakin ƙofa. In ka shiga ba waya sam, ba gudu, abinci ne dai da arha, sanwicinsu na cuku dala ɗaya da rabi. Ga tafiyar, Legas zuwa Atlanta wajen awa 12 a sama, sannan fiye da awa biyu a mota, ga masauki da ke tashin gwauron zabi a wannan satin. The Open ma yanzu ƙuri'a ake yi amma wurin da faɗi, mutum 290,000 ne suka shiga ta 150 a St Andrews a 2022, ranakun atisaye sun fi sauƙin samu da arha, yara 'yan ƙasa da 16 kyauta ne in suna tare da babba mai tikiti, kuma da wayarka za ka shiga. Abuja ko Legas zuwa Landan bai wuce awa bakwai ba, daga nan jirgin ƙasa. Augusta National ko ƙofarta ba za ka leƙa ba in ba satin gasa ba sai wani mamba ya gayyace ka, St Andrews kuwa filin jama'a ne, yawancin ranakun Lahadi ma rufe wasa ake yi mutanen gari su shiga yawo da iyalansu, kai ma ka taka gadar dutsen nan ta rami na 18 ka ɗau hoto ba wanda zai ce maka kanzil. An riga an sanar St Andrews ce za ta karɓi gasar 2027, kuma ƙuri'ar tikitin kusan shekara guda kafin lokacin ake buɗe ta a shafin gasar, don haka ita ake fara nema kafin biza da masauki. Ka kuma sa rigar ruwa da ta sanyi a jaka ko da an ce maka Yuli bazararsu ce.